Mai Zobe, Mai Basukur, Mai Makulli: Wa Doka Ta Sani Da Mallakar Tambari?

Tun zamanin da kantunan Turawa suka kafu a Kano da Zariya da Gusau, mutanen ƙasar nan sun saba shaida kaya da hoton da ke jikinsu, tun da ba kowa ke iya karanta rubutun boko da aka yi a kansu ba. Mashayin taba ba ya ce wa mai tebur ya ba shi Three Rings ko Bicycle, sai dai ya ce mai zobe ko mai basukur, uwargida kuwa idan ta aiki yaro kanti, sai ta ce ya sayo mata sabulu mai makulli. Akwai ma sunayen da suka yi ƙarfi har suka haɗiye 'yan'uwansu, yadda kowane garin sabulu ya zama Omo, kowane dunƙulen miya ya zama Maggi, ko da wane kamfani ne ya yi shi. To, wannan suna ko hoto ko zane da mai saye yake gane kaya da shi, ya bambanta su da na wani, shi ake kira tambarin kasuwanci. A idon doka kuwa dukiya ce kamar gida ko gona, watau ana mallakarsa, ana sayar da shi, ana ba da hayarsa, ana kuma gadonsa.

Dalilin da ya sa ya zama dukiya a fili yake. Mai saye ba shi da halin buɗe kowane ƙunshi ya ɗanɗana kafin ya biya kuɗi, saboda haka yakan dogara ne ga abin da ya saya jiya ya ji daɗinsa. Alal misali, mutum zai shekara goma yana tace man gyaɗa tsakaninsa da Allah, ba algus ba tauye mudu, har jama'a su yarda da galan ɗinsa mai hoton barewa, alhali wani yana iya zuwa wurin masu ɗab'i a buga masa takarda irin wannan sak cikin yini guda, ya manna ta a kan gurɓataccen mai. Asarar da mai kayan asali zai yi kashi biyu ce. Ta farko ita ce cinikin da aka janye masa. Ta biyu kuwa, wadda ta fi ciwo, wanda ya sayi jabun ba zai zagi ɗan jabu ba, tun da bai san shi ba, mai barewa zai zaga, ya kuma bi maƙwabta yana faɗa musu cewa kayan sun lalace. Yanzu da ƙananan masana'antu suka yawaita, daga masu ruwan leda zuwa masu yaji da kilishi da turaren wuta da shinkafa 'yar gida, kowa yana ƙunshe hajarsa cikin leda mai suna, wannan magana ta wuce ta manyan kamfanoni kaɗai.

Abin da ya fi jefa 'yan kasuwa cikin wahala shi ne dogara ga takardar da ba ita ke tsare tambari ba. Sau da yawa idan aka tambayi mai ƙaramar masana'anta ko ya yi wa sunan kayansa rajista, sai ya nuna takardar da ya rataya a bango ta Hukumar Rajistar Kamfanoni, watau CAC, wadda aka kafa cikin 1990. Ita wannan takarda iyakar abin da take shaidawa shi ne sunan da mutum yake gudanar da harkarsa da shi, amma ba ta ba shi ikon hana wani buga wannan suna ko hoto a jikin kaya ba. Wani kuma lambar NAFDAC zai nuna, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna da aka kafa cikin 1993, alhali lambar tana magana ne a kan lafiyar abin da ke cikin ƙunshin, babu ruwanta da wanda ya mallaki sunan. Hasali ma su waɗannan hukumomi biyu suna girmama rajistar tambari. NAFDAC takan nemi shaidar rajistarsa kafin ta yi wa kaya rajista da wani suna, dokar kamfanoni ta 2020 kuma ta hana CAC karɓar sunan da ya ci karo da tambarin wani mai rajista, sai dai in da yardar mai shi.

Wurin da ake yin rajistar daban yake, shi ne ofishin rajistar tambura da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja, wanda ke da Magatakarda nasa. Dokar da yake aiki da ita kuwa ita ce Dokar Tambarin Kasuwanci ta 1965, wadda ta fara aiki cikin 1967. Asalin irin wannan doka a ƙasar nan ya faro ne daga wata sanarwa da Turawa suka yi a Kudancin Nijeriya cikin 1900, sa'an nan aka faɗaɗa ta zuwa ƙasa baki ɗaya bayan haɗewar 1914. Ta 1965 ɗin an kwaikwayo ta ne daga dokar Ingila ta 1938. Abin mamaki shi ne su Ingilawan sun ajiye tasu sun yi sabuwa tun 1994, amma a nan har yau da tsohuwar ake tafiya, sai 'yan gyare-gyare da ake yi mata nan da can.

Ba kowane suna Magatakarda yake karɓa ba, kuma a nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe tun kafin tafiya ta yi nisa. Sharaɗin farko shi ne tambari ya zama yana rarrabe kayan mai shi da na sauran jama'a. Dokar ta fi son kalmar da mutum ya ƙaga da kansa, ko sa hannunsa, ko sunan kamfaninsa da aka rubuta ta wata siffa ta musamman, ko kuwa kalmar da ba ta bayyana irin kayan ko ingancinsu kai tsaye. Saboda haka mai burodin da yake son ya mallaki kalmar Mai Laushi, ko mai zumar da yake son ya mallaki kalmar Zaƙi, da wuya ya samu biyan bukata, domin duk mai burodi yana da haƙƙin cewa nasa mai laushi ne. Haka nan sunan gari da sunan zuriya, dokar ba ta yarda mutum ɗaya ya kulle su ba, sai fa in ya kawo hujjar cewa jama'a sun daɗe suna danganta wannan suna da kayansa shi kaɗai. Wannan kuwa adalci ne, gama da za a bar mutum guda ya mallaki sunan Kano a kan kilishi, ko sunan Kura a kan baƙin rini, da an zalunci ɗaruruwan masu sana'ar da suka gaje ta kaka da kakanni. Barewa a kan man gyaɗa kuwa ta yi daidai, domin babu abin da ya haɗa barewa da gyaɗa sai zaɓin mai kayan. Bugu da ƙari, ba a karɓar tambarin da zai yaudari jama'a, ko wanda ya saɓa wa ɗa'a, ko wanda ya yi kama da na wani da ke cikin rajista a kan irin kayan, ba a kuma yarda a ɗauki tambarin gwamnatin ƙasa a mai da shi na ciniki ba tare da izini ba.

Sa'an nan sai maganar rukuni. An kasa kayayyaki da ayyuka gida 45 bisa wani tsari da ƙasashen duniya suke bi, 34 na kaya, 11 na ayyuka. Sabulu da turare suna rukuni na 3, magunguna na 5, yadi da atamfa na 24, tufafi da takalma da huluna na 25, nama da madara da man girki na 29, shinkafa da burodi da yaji da zuma na 30, ruwan sha da lemo na 32, sufuri na 39, gidajen abinci da masaukin baƙi kuwa na 43. A Nijeriya kowane rukuni da takardar neman rajistarsa da kuɗinsa. Ma'anar wannan ita ce wanda ya yi wa barewarsa rajista a rukuni na 29 saboda man gyaɗa, idan daga baya ya buɗe injin casar shinkafa, tilas ya sake neman rajista a rukuni na 30, in ba haka ba yana iya tarar da wani ya riga shi.

Hanyar da ake bi ba ta da wuyar fahimta, haƙuri dai take bukata. Yawanci ta hannun lauya ko wakilin da ofishin ya amince da shi ake yi, kuma yanzu ana iya shigar da takardu ta intanet. Da farko akan binciki rajista a ga ko wani ya riga ya ɗauki sunan ko mai kama da shi, kuma mai hankali yakan yi wannan bincike ne kafin ya kashe kuɗi wajen buga ledoji da kwalaye da allon talla. Daga nan sai a shigar da bukata tare da hoton tambarin da rukunin da ake so, ofishin ya ba da takardar shaidar ya karɓa. Ma'aikata za su duba, in sun ga babu matsala sai a ba da takardar amincewa, a kuma buga tambarin cikin mujallar ofishin domin kowa ya gani. Duk wanda yake ganin za a shiga haƙƙinsa yana da wata 2 daga ranar bugawa ya kai ƙorafi a rubuce, shi kuma mai nema yana da wata 1 ya mai da amsa, in ya yi shiru a ɗauka ya janye. Magatakarda ne yake sauraron ɓangarorin ya yanke hukunci, wanda bai gamsu ba ya tafi Babbar Kotun Tarayya. Idan babu ƙorafi, ko kuwa an yi an kore shi, sai a ba da satifiket. Sau da yawa wannan tafiya takan ci shekara guda ko fiye, musamman saboda jiran fitowar mujallar, abin da lauyoyi suka daɗe suna kuka da shi. Sauƙin da ke ciki shi ne idan satifiket ya fito, ana ƙirga rajistar ne daga ranar da aka shigar da bukata.

Amma fa a lura, takardar amincewa ba satifiket ba ce, ko da yake mutane da yawa sukan tsaya a kanta su ɗauka an gama. Kotun Ƙoli ta warware wannan cikin shekarar 2000 a shari'ar kamfanin Dyktrade da na Omnia, waɗanda suka yi jayayya a kan sunan Super Rocket da ake sa wa duwatsun goge daɓe. Dyktrade yana da takardar amincewa a hannu, amma kotu ta ce wannan bai mai da shi mai rajistar tambari ba, saboda haka ba shi da ikon kai ƙarar keta haƙƙin tambari tukuna.

Ido Da Kunne

Idan rigima ta kai gaban alƙali, tambayar da yake yi wa kansa ita ce ko mai saye na yau da kullum zai ruɗe. Tun da daɗewa kuwa kotunan ƙasar nan sun gane cewa wannan mai saye ba lauya ba ne da zai ajiye kwalaye biyu a kan tebur yana gwada haruffa. Mutum ne da ya shiga kasuwa cikin hayaniya, abin da yake tunawa kawai shi ne kamannin abin da ya saya makon jiya, wataƙila ma bai yi boko ba.

Cikin 1931, zamanin mulkin Turawa, an yi wata shari'a tsakanin kamfanonin taba biyu, United Kingdom Tobacco da Carreras. Na farko yana sayar da sigari mai suna Bandmaster, wanda ke da hoton wani Bature cikin kayan shugaban 'yan badujala. Na biyu ya kawo nasa mai suna Barrister, da hoton Bature cikin rigar lauya da hularsa. Ga wanda ya iya Turanci, sunayen ba su yi kama ba ko kaɗan, tufafin ma daban. Amma masu saye a ƙasar Yarbawa sun riga sun laƙaba wa na farko wani suna da harshensu mai nufin mai Bature, kuma duk kwalin da ke da Bature a jiki zai iya amsa wannan suna. Kotu ta ba mai Bandmaster gaskiya. Duk wanda ya san yadda mai zobe da mai basukur suka samu sunayensu a Arewa zai ga cewa alƙalin ya fahimci kasuwar da yake magana a kanta.

Kunne ma yana da nasa rabo. Cikin 1968 Kotun Ƙoli ta duba rigimar kamfanin Sterling Products, mai maganin yara da ake kira Castoria, da kamfanin Alban Pharmacy, wanda ya fito da nasa mai suna Casorina. Kotun ta ce wajen gwada tambura biyu ba a tsayawa ga abin da ido ya gani kaɗai, tilas a duba abin da kunne yake ji, ta kuma yanke cewa sunayen suna iya ruɗa jama'a. Lalle kuwa uwar da aka faɗa wa sunan magani da baki ta tafi kemis, ba ta da yadda za ta rarrabe waɗannan biyu. Kafin wannan, cikin 1961, an hana wasu masu sayar da magani a Anaca amfani da sunan Nigeria Chemists, domin akwai kamfanin Niger Chemists da ya daɗe yana wannan sana'a a garin.

Ita wannan shari'a ta Anaca ta wani fanni ce daban, wanda ya kamata a fahimta. Dokar 1965 ta faɗa ƙarara cewa wanda bai yi rajista ba, ba shi da ikon kai ƙarar keta haƙƙin tambari. Amma ta bar masa wata ƙofa, watau ƙarar sojan gona, inda mutum zai ce wani yana sayar da kayansa da sigar da za ta sa jama'a su zaci nawa ne. Mashahurin misali a Arewa shi ne hukuncin Babbar Kotun Kano na 1972 tsakanin kamfanin Trebor, mai alewar minti da kowa ya sani, da kamfanin Associated Industries, wanda ya fito da tasa mai suna Minta Supermint. Sunayen sun bambanta, amma kotu ta gano cewa an yi ƙoƙarin kamanta sabuwar alewar da ta Trebor ta kowace fuska, tun daga ƙunshi har zuwa ita kanta alewar, ta kuwa ce sojan gona ne.

To, tun da akwai wannan ƙofa, mai karatu yana iya tambayar amfanin wahalar rajista. Amsar tana wajen nauyin kawo hujja. Mai ƙarar sojan gona tilas ya tabbatar wa kotu cewa kayansa sun yi suna, cewa jama'a sun san su da wannan siffa, cewa abokin shari'arsa ya ruɗi masu saye, kuma ya jawo masa asara ko yana shirin jawowa. Wannan yana bukatar shaidu da rasiɗai da littattafan ciniki na shekaru, abin da babban kamfani yake da shi, ƙaramin ɗan kasuwa kuwa da wuya ya ajiye. Mai rajista shi satifiket ɗinsa zai ɗora a gaban alƙali, ya nuna cewa ana amfani da tambarinsa ko mai kama da shi a kan irin kayan da ya yi wa rajista. Har ila yau, tambarin da ya cika shekara 7 a babban sashen rajista, dokar ta ɗauke shi tabbatacce, ba a sake tuhumar ingancin rajistarsa sai in an same ta ta hanyar zamba ko tambarin na yaudara ne.

Sai dai satifiket yana tsare abin da aka rubuta a cikinsa ne kawai, kuma babu shari'ar da ta nuna haka kamar ta Ferodo da Ibeto. Ferodo kamfanin Ingila ne da ya shahara wajen kayan birkin mota, yana sayar da su cikin kwali mai launin ja da baƙi da fari. Kamfanin Ibeto na Nnewi ya fito da nasa kayan birkin da sunan Union, cikin kwalin da Ferodo ya ce an kwaikwayi nasa. Aka faro daga Babbar Kotun Tarayya, aka je Kotun Ɗaukaka Ƙara, har aka dangana da Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci cikin 2004, kuma a duk matakan uku Ferodo ne ya sha kaye. Kotun ta ce abin da yake tambarin kamfanin shi ne kalmar Ferodo, launuka da zane-zanen da ke kewaye da ita kuwa ado ne kawai, kuma babu mai ɗaukar kalmar Union a matsayin Ferodo. Wanda ya kwatanta wannan da hukuncin mai Bature zai ga kamar kotu ta fi ba rubutu ƙarfi a wannan karo, akwai kuma masana shari'a da suke da irin wannan ra'ayi. Ko ma dai yaya ne, darasin da lauyoyi suka ɗauka shi ne a yi wa suna rajista, a kuma yi wa hoto da fasalin ƙunshi tasu rajistar, musamman a kasuwar da hoton ne jama'a suka sani. Gyaran da aka yi wa dokar cikin watan Fabrairu na 2023, a ƙarƙashin dokar sauƙaƙa harkokin kasuwanci, ya taimaka a nan, domin ya bayyana cewa tambari ya haɗa da siffar kaya da ƙunshinsu da haɗin launuka, ya kuma shigar da ayyuka cikin ma'anar kaya, yadda mai gidan abinci ko mai kamfanin sufuri zai yi rajista ba tare da shakka ba.

Bayan Satifiket Ya Zo Hannu

Rajistar farko shekara 7 take yi, daga nan sai a riƙa sabunta ta duk bayan shekara 14, ba iyaka, muddin ana biyan kuɗin sabuntawa. Wanda ya yi sakaci har aka cire tambarinsa daga rajista ya buɗe wa wani ƙofa da hannunsa. Haka kuma tambarin da aka yi wa rajista aka ajiye shi shekara 5 a jere ba a ciniki da shi, duk wanda abin ya shafa yana iya neman a soke shi. Alamar nan ta harafin R cikin da'ira da ake gani a gefen sunayen kaya tana nufin an yi rajista, kuma laifi ne mutum ya nuna cewa tambarinsa yana da rajista alhali ba shi da ita.

Ofishin Abuja ba ya aika ma'aikata kasuwa su duba wa mutum ko ana satar tambarinsa. Wannan aikin mai shi ne, shi da dillalansa da ke Kantin Kwari ko Singa ko Anaca ko Aba, kuma yana da kyau lauyansa ya riƙa duba mujallar ofishin, domin wata 2 na ƙorafi ba su da wuyar wucewa. Idan aka ga jabu, abin da aka saba yi shi ne a sayi samfur a karɓi rasiɗi, sa'an nan lauya ya rubuta takardar gargaɗi, sau da yawa kuma a nan maganar take mutuwa. In ta ƙi, sai Babbar Kotun Tarayya, wadda tsarin mulkin 1999 ya ba ikon sauraron irin waɗannan ƙararraki. Kotu tana iya hana ci gaba da sayar da kayan, ta sa a biya diyya ko a miƙa ribar da aka ci, ta kuma sa a kawo jabun a lalata. Da yake ɗan jabu yakan kwashe kayansa cikin dare da zarar ya ji ƙishin-ƙishin, akwai wani umurni da kotu take bayarwa ba tare da an sanar da shi ba, na a shiga shagonsa ko ma'ajiyarsa a bincika a tsare shaida. Lauyoyi suna kiransa Anton Piller, da sunan wani kamfanin Jamus da ya samu irinsa a Ingila cikin 1975, kuma shi wannan Ferodo ɗin ya samu irinsa a Nijeriya cikin 1980 a ƙarar da ya kai kantin Unibros. Ban da wannan, ƙirƙira tambarin wani laifi ne da hukuma take iya gurfanar da mutum a kansa, jabun magani da gurɓataccen abinci kuwa suna da tasu doka ta 1999 mai tsanani.

Dokar ba ta manta da wanda ya riga kowa fara amfani da suna ba, ko da bai yi rajista ba. Idan mutum ya tabbatar cewa yana ciniki da tambarin ba yankewa tun kafin mai rajista ya fara amfani da shi ko ya yi masa rajista, ba za a hana shi ci gaba ba. Amma wannan ma sai da shaida, saboda haka tsofaffin rasiɗai da takardun masu ɗab'i da hotunan talla masu kwanan wata ba abin zubarwa ba ne.

Akwai wata matsala da ta fi kusa da gida, wadda ba a cika zancenta ba sai ta faru, ita ce ta sunan wanda aka rubuta a satifiket. Kasuwanci da yawa a ƙasar nan na iyali ne ko na abokai, a fara da amana ba rubutu. Idan aka aiki ɗaya daga cikin abokan tarayya ya yi rajista, ya kuwa sa sunansa shi kaɗai, ranar da aka ɓata shi doka ta sani. Idan kuma mahaifi ya rasu ya bar tambari da sunansa, tambarin ya shiga cikin dukiyar gado, amma ba ya rabuwa kamar kuɗi ko buhunan hatsi. 'Ya'ya uku su buɗe masana'antu uku, kowa yana buga sunan mahaifinsu a kan kaya masu inganci daban-daban, cikin 'yan shekaru sai sunan ya zube, kowa ya rasa. Hanyar da ta fi ita ce a yi rajista da sunan kamfani, magada su raba hannun jari, tambarin ya zauna wuri ɗaya. In kuwa sayar da shi aka yi, ko aka ba wani izinin amfani da shi, tilas a rubuta a kuma kai wa Magatakarda ya shigar cikin rajista.

Daga ƙarshe sai maganar iyakar ƙasa, wadda ta shafi fataken Arewa ƙwarai. Rajistar Abuja a cikin Nijeriya kaɗai take aiki. Kayan da aka ɗora a mota a Kano, da zarar sun wuce Jibiya sun nufi Maraɗi, ko sun bi ta Maigatari zuwa Damagaram, ko ta Gamborun Ngala zuwa Njamena, satifiket ɗin bai bi su ba. Nijeriya ba ta cikin yarjejeniyar Madrid, wadda take ba mutum damar neman rajista a ƙasashe da yawa da takarda ɗaya, ba ta kuma cikin ƙungiyoyin rajista biyu na Afirka. Amma maƙwabtanta huɗu, watau Nijar da Cadi da Kamaru da Jamhuriyar Benin, duk suna cikin ƙungiyar OAPI mai ƙasashe 17, wadda hedkwatarta ke Yawunde, take kuma aiki da yarjejeniyar Bangi ta 1977. Rajista ɗaya a can tana tsare tambari a dukan ƙasashen 17 har shekara 10, sa'an nan a sabunta. Gana ba ta cikinsu, mai kai kaya Kumasi ko Akra sai ya nemi tasa rajistar daban. A tsarin OAPI kuwa wanda ya riga shigar da takarda shi ake ɗauka mai tambari, saboda haka idan dillalin da yake karɓar kayan a Maraɗi ko Garwa ya riga mai masana'antar zuwa Yawunde ya sa sunansa, ƙwato tambarin sai an yi shari'a a can, a gaban hukumomin da ba na Nijeriya ba, bisa dokar da ba ta 1965 ba.